Amsoshin Tambayoyinku: Ina Ɗora Hulunana a Facebook, Yabo Ya Yi Yawa Amma Babu Ciniki

TAMBAYA: Ni matar aure ce, sana'ata ɗinkin hula. Da can idan na gama sai in ba dillali ya kai kasuwa, abin da ya kawo in karɓa. Yanzu 'yata ta buɗe mini Facebook da Instagram muna ɗora hotunan hulunan, amma ban da "Masha Allah" da "nawa ne?" ba abin da nake samu, da na faɗi kuɗi sai mutum ya ɓace. Wani yaro ya ce wai sai an gina mini shafin intanet nawa na kaina kafin in samu masu saye, ya kuma yanka mini kuɗi masu yawa. Shin gaskiya ne? Wace kafa ce ta fi dacewa da mai sana'ar hannu irina? Yaya zan tsira daga 'yan damfara? Kuma dole ne sai na nuna fuskata? Maigidana ba zai yarda ba, ni ma ba na so.

Daga wata mai ɗinkin hula, Gusau, Jihar Zamfara.

AMSA: Malama, Allah Ya sa wa sana'a albarka, Ya kuma yi wa 'yar nan taki albarka da ta tsaya miki. Bari in ba ki amsa a dunƙule kafin in warware. Riƙe kuɗinki, lokacin gina shafin intanet bai yi ba tukuna. Nuna fuska ba dole ba ne. Abin da ya hana ki ciniki kuwa shi ne aikin dillali, wanda har yanzu ba wanda ya ɗauka.

Ki tuna abin da dillalin nan yake yi miki. Shi ke kai hula gaban wanda ya fito da niyyar saye. Mai saye ya karɓa ya jujjuya, ya leƙa cikinta ya ga yadda zare ya zauna, ya kafa a ka ya dubi madubi. Dillali ya san farashin kasuwa, ya san inda zai ce albarka da inda zai sallama, kuma idan magana ta taso an san rumfar da za a same shi. Ranar da kika cire shi daga tsakani la'adarsa ta dawo hannunki, haka ne, amma aikinsa ma ya dawo kanki. Mutumin da ke Abuja yana kallon hularki a waya ba zai taɓa ta ba, ba zai gwada ba, bai san ki ba, sannan ana so ya turo kuɗi kafin ya ga kaya. Duk abin da zan faɗa miki hanya ce ta cire masa wannan shakka.

Mu fara da su waye ke ganin hotunan. Tunda 'yarki ce ta buɗe shafin, ƙawayenta da 'yan'uwanku mata ne suka cika shi. Su ne masu "Masha Allah", kuma da zuciya ɗaya suke faɗa, sai dai ba su ne masu sa hula ba. Masu sayenki su ne ma'aikata da 'yan kasuwa da ke Abuja, Kaduna, Kano da Legas, da angwaye da abokansu masu neman anko, da matan da ke son yi wa maigida ko mahaifi kyauta, sannan teloli da masu sayar da shadda, waɗanda kullum kwastoma ke tambayarsu inda zai samu hular da za ta hau da ɗinkinsa. Tela ɗaya mai ciniki da zai riƙa sa hularki kusa da rigar da ya ɗinka, ya ambaci shafinki, ke kuma ki ba shi 'yar la'ada, ya fi miki mabiya dubu da ba sa saye.

Sai hoto, domin gani ya kori ji. Ba sai da babbar waya ba. A goge gilashin kyamarar, a fito da hula inuwar tsakar gida da hantsi ko bayan la'asar, a shimfiɗa farin ƙyalle mara ado. Kada a kunna fitilar waya, kada kuma a bi hoton da kwalliyar nan da ke sauya launi. Mai sayen hula da shaddarsa yake auna ta. Idan ya ga ruwan toka a waya, aka kawo masa mai ratsin shuɗi, kin rasa shi ke nan, kuma zai faɗa wa wasu. Kowace hula tana buƙatar hoto huɗu: gefenta, samanta, cikinta, da na kurkusa inda za a iya ganin zare ɗaya-ɗaya. A ƙara da ɗan gajeren bidiyo ana juya ta a hannu. Idan ana son a ga zamanta a ka, ɗanki ko ƙaninki ya sa a ɗauke shi ta gefe ko ta baya.

A nan ne amsar tambayarki ta fuska take. Abin da mai saye ke son gani hannunki ne da allura. Hulunan inji sun cika kasuwa, wasu sai an duba da kyau ake gane su, shi ya sa bidiyon hannu yana ɗinki, daga zane har a kusa gamawa, ya zama shaidar da ta fi kowace magana ƙarfi. Ki ɗauki hula guda ki riƙa nuna ci gabanta lokaci-lokaci. Wanda ya ga makonnin da ta ci ba zai taya ta da kuɗin ta inji ba. A kowane hoto kuma a rubuta sunan sana'arki a jiki, saboda akwai masu kwashe hotunan mutane su yi talla da su.

Rubutun da ke ƙasan hoto shi ne bakin dillali, don haka ya faɗi duk abin da za a tambaya: sunan aikin, ko Zanna Bukar ce ko Ƙube ko Tangaran, lambarta, tsayinta, irin zaren, garin da kike, lambar waya, da kuɗinta. Na san da yawa suna ɓoye farashi su ce a biyo su ta saƙo. Wannan dabarar ita ke tara miki masu "nawa ne?". Wanda ya fi ƙarfin aljihunsa sai ya ji nauyi ya sulale, mai kuɗin saye kuma ba shi da lokacin jiran amsa. Idan farashi yana fili, duk wanda ya yi miki magana ya riga ya gani ya kuma yarda da rabinsa. Mutanenmu sun saba da tayi, saboda haka ki zaɓi ɗaya: ko ki bar ɗan wurin ragi, ko ki rubuta cewa farashi ɗaya ne, ki kuma tsaya a kai ga kowa. Lambar kai kuwa kada a yi ta da ka. Mutum ya sa tef ɗin tela ya zagaya kansa ta saman kunne ya faɗa miki, 22 ne, 22 da rabi ne ko 23. Ki riƙa rubutu da Hausa, 'yarki ta ƙara layi ɗaya na Turanci saboda 'yan Kudu, don su ma yanzu sun rungumi hular nan.

Kafin ki rubuta farashin sai kin san abin da hular ta ci. Ga misali, ki sauya lambobin da naki. A ce yadi da zare sun ci naira 6,000, mai zane 1,000, wanki da guga 1,000, jimla 8,000. A ce kin yi kwana 20 kina ba ta awa uku kullum, awa 60 ke nan. Idan kika sayar 12,000, ladan hannunki 4,000 ne, wato awa ɗaya ba ta kai naira 70 ba. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a Najeriya a shekarar 2024 naira 70,000 ne a wata, wanda idan aka raba shi da awannin aiki zai kama kusan naira 400 a awa. Ba lallai kasuwa ta biya ki haka nan take ba, amma wannan lissafi zai nuna miki wace hula ce ke ciyar da ke, wace ce kuma kike yi wa mutane kyauta. Ki kuma sa kuɗin data da kwali da zuwa tasha a ciki. Araha fiye da kima ma tana korar mai saye, don sai ya zaci ta inji ce.

Yanzu ga batun kafa. Facebook ya fi tara jama'armu, manya da yara, kuma akwai zaurukan saye da sayarwa na garuruwa da ake hira da Hausa. Instagram ya fi kai wa ga 'yan birni masu neman kayan ado na biki. TikTok yana da wata fa'ida, yana iya kai bidiyonki gaban wanda bai taɓa jin sunanki ba, kuma aikin hannu abu ne da mutane ke son tsayawa kallo. Amma duk inda aka gan ki, a WhatsApp ake ƙulla ciniki. Taura biyu ba ta taunuwa, don haka ki riƙi guda ɗaya daga cikin ukun nan ki ba ta haƙƙinta, ki haɗa da WhatsApp. Gara ki ɗora abu mai kyau sau uku a mako ba fashi da ki zuba hoto ashirin rana ɗaya ki yi shiru wata guda.

Ki sauke manhajar WhatsApp Business, wadda aka fitar a 2018 don masu ƙananan sana'o'i, kuma kyauta ce. Tana da wurin jera kaya da hotonsu da farashinsu, tana iya gaida wanda ya yi sallama kina barci, kuma za ki iya yi wa kowane kwastoma alama: wannan ya biya, wannan yana jira, wannan an aika masa. Sitatus awa 24 yake yi, kuma sai wanda kuka adana lambar juna ne zai gani. Saƙon bai-ɗaya yana ɗaukar mutum 256 a jeri guda, shi ma sai wanda ya adana lambarki yake isa gare shi. Saboda haka duk wanda ya yi miki magana, ko bai saya ba, ki roƙe shi ya adana lambarki. Ki ware wa sana'a layinta daban. Idan kina da ɗan rarar kuɗi, tallan da ake biya a Facebook da Instagram yana ba da damar zaɓen gari da shekaru da jinsin waɗanda za su gani, sai ki gwada da kaɗan a kan hular da ta fi jan hankali. Sayen mabiya kuwa asarar kuɗi ce, adadi ne kawai ba mutane ba.

Ki kuma yi aiki da kalandar Musulunci. Hula ba ta ɗinkuwa dare ɗaya, don haka tallan ƙaramar Sallah tun Rajab da Sha'aban ake fara shi, lokacin da bukukuwan aure ma suke yawa kafin azumi. Na babbar Sallah kuma da an sauko Idin ƙarama. Mai zuwa ana saura kwana biyar Sallah sai dai ki nuna masa waɗanda ke ƙasa.

Sai 'yan damfara. Hanyoyinsu sanannu ne. Na farko alat na bogi: a turo miki saƙo ko hoton rasit kamar an biya. Kada kaya su bar hannunki sai kin buɗe manhajar bankinki kin ga kuɗin sun zauna, ko da mutum yana rantsuwa yana cewa mota za ta tashi. Gaggawar nan ita ce makaminsu. Na biyu, wanda zai ce ya yi kuskure ya turo fiye da kuɗin, ki maido masa ragowa, alhali ko kwabo bai shigo ba. Na uku, wanda zai kira ya ce an turo miki wasu lambobi shida ki karanto masa, wai za a sa ki a wani zaure ko a ba ki tallafi. Da kin karanta ya ƙwace WhatsApp ɗinki, ya shiga karɓar kuɗin mutane da sunanki. Lambobin nan ba a ba kowa, kuma yau ɗin nan 'yarki ta kunna miki matakin tsaro na biyu a WhatsApp da Facebook da Instagram. Aikin da aka ba ki oda kuwa kada ki sa allura sai an ba da kafin alƙalami, aƙalla abin da zai sayi kayan aiki, a cika sauran kafin a aika. Adireshin gidanki ba na shafi ba ne. Mai son karɓa hannu da hannu a haɗa shi da wani namiji na gida a shago ko a tasha.

Amma ki sani, yadda kike tsoron mai saye haka shi ma yake tsoronki, don an sha karɓar kuɗin mutane a rufe waya. Abubuwan da ke kwantar masa da hankali ƙanana ne. Sunan da ke shafinki ya dace da sunan da ke asusun banki. Idan sana'a ta ɗan kankama ki yi rajistar sunanta a Hukumar Rajistar Kamfanoni, CAC, ki buɗe asusu da wannan suna, wanda kuma zai raba kuɗin sana'a da na cefane. Wanda ya karɓi hula ya yaba, ki nemi izininsa ki ɗora saƙonsa, bayan kin rufe lambarsa. Idan kin ce kwana 25, ya zama 25, in kuma wani uzuri ya gifta ki riga shi magana. Kada ki taɓa sayar da ta inji da sunan ta hannu, ko da kina haɗawa da ita. Ki faɗa, mai so zai saya.

Aikawa ma wani wuri ne da ciniki ke lalacewa. Hular da aka wanke aka kafa ba a cusa ta a leda kawai. A sa ta a kwali ko roba mai murfi, a naɗe da leda saboda ruwa. Idan ta tasha ce, a bi ta hannun 'yan ƙungiyar direbobi, a karɓi lambar direba da ta mota, a ɗauki hoton ƙunshin a tura wa mai kaya. Kaya masu tsada gara a bi da su ta kamfanonin aika saƙo irin su GIG ko sashen EMS na gidan waya, inda ake ba da rasit da lambar bibiya. Tun kafin a biya ku yi magana a rubuce: wa zai biya kuɗin mota, kuma idan hula ba ta shiga ba za a canza ko ba za a canza ba.

To, mu dawo kan shafin intanet. Yaron bai yi ƙarya ba cewa yana da amfani, amma bai faɗa miki duka ba. Shafi ba ya kawo masu saye da kansa, sai an tura mutane can, kuma daga Facebook da WhatsApp ɗin nan dai za a turo su. Ba kuma biya ɗaya ba ne. Sunan shafi duk shekara ake sabunta shi, wurin ajiyarsa ma haka, ga ladan mai gyara. Mai hula biyu ko uku a wata ba ta da abin da za ta cika shi da shi. Lokacinsa yana zuwa ne idan kayanki sun yi yawa, saƙonni sun fi ƙarfin amsawa, ko masu sari da 'yan ƙasar waje sun fara neman inda za su biya da kati. Ko a lokacin ma, kamfanonin karɓar kuɗi irin su Paystack da Flutterwave suna ba da ƙaramin shago na intanet ba tare da kuɗin gini ba, sai dai su cire la'adarsu idan an yi ciniki. Ranar da za ki gina naki kuma, ki tabbata da sunanki da imel ɗinki aka yi rajistarsa, lambobin sirri suna hannunki. In ba haka ba, ran da kuka saɓa da mai ginin, shi ke da shago.

Akwai gaskiya guda a bayan shawarar yaron nan da bai kamata a yar ba: waɗannan kafafe ba mallakinki ba ne. Ranar 4 ga Oktoban 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp sun ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida a duk duniya. Gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, masu talla a can suka yi zaman jira. Ke da kike Gusau kin fi ni sanin yadda aka ji da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara a Satumban 2021. Maganin farko mai araha ne: littafi da biro. Ki rubuta sunan kowane kwastoma, garinsa, lambar wayarsa, lambar kansa da launin da yake so. Ko an rufe shafi ko waya ta ɓata, jarinki na nan. Yana da kyau kuma a samu ɗan'uwa amintacce a wani gari da zai iya amsa wa mutane idan layinku ya yanke.

Game da ƙasashen waje, za ki ji ana ambaton Etsy, kasuwar kayan hannu da aka kafa a Amurka a 2005. Tana karɓar santi 20 na dala a kan kowane kaya da aka jera, da kashi 6.5 cikin ɗari idan an sayar, ban da kuɗin karɓar biya, kuma ba daga kowace ƙasa take yarda a buɗe shago ba. Ga tsadar aikawa, ga haraji, domin tun ƙarshen Agustan 2025 Amurka ta soke sassaucin da take yi wa ƙananan saƙonni da ba su wuce dala 800 ba. Mai son fitar da kaya da yawa kuma sai ya yi rajista da Hukumar Bunƙasa Fitar da Kayayyaki, NEPC. Kasuwar waje da ta fi kusa da ke ita ce ta masu sa hular da kansu: 'yan'uwanmu na Nijar da Kamaru, mazauna zango a Ghana, da 'yan Najeriya da ke Saudiyya da Ingila. Su ma ta WhatsApp za su same ki.

Abu na ƙarshe, hannu biyu gare ki. Idan Allah Ya kawo kasuwa, kada kwaɗayi ya sa ki karɓi aikin da ba za ki gama ba. Ki jawo matan unguwa da kika yarda da hannunsu, ku raba aiki, ki duba kowace hula kafin ta fita, ki biya su haƙƙinsu ba jinkiri. Da haka za ki iya karɓar ankon mutum ashirin, wanda ke kaɗai ba za ki iya ba.

Don haka Malama, ki fara da lissafin farashi, ki gyara hoto da bayani, ki tsara WhatsApp Business, ki nemi teloli biyu ko uku ku ƙulla, ki buɗe littafin kwastomomi. Kuɗin da za ki ba mai gina shafi ki sayi zare mai kyau da kwalaye da data. Ki ba abin wata shida kina yi ba fashi, sannan ki duba littafinki, shi zai gaya miki ko lokacin shafi ya yi. Allah Ya kawo kasuwa mai albarka.